Yaushe ya kamata mai ƙaramin jari ya cire ribarsa a cinikin kirifto?

Ɗan Garin Malam ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni kwana biyu, domin na ga gara in kawo shi gaban waɗanda suka riga ni shiga harkar, da in ci gaba da sauraron abokaina waɗanda saninsu bai wuce nawa ba.

Ni mai gyaran salula ne a nan Damagaram, ina da ɗan teburi kusa da Kasuwar Dole, kuma abin da nake samu bai taka kara ya karya ba. Wata huɗu da suka wuce na ware jika 60 (sefa 60,000) daga cikin abin da na daɗe ina tarawa, na sayi USDT, wato dalar intanet, kuɗin kirifto da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka, a hannun wani mutum ta hanyar P2P (ciniki tsakanin mutum da mutum a manhaja) a kan sefa 625 kowace dalar Amurka, wato na tashi da dala 96. Na zuba dala 64 a Bitcoin, babban cikin kuɗaɗen kirifto, sauran dala 32 kuma na sayi wata ƙaramar kwandalar kirifto da ake ta kururuta ta a wani zauren Telegram, wadda ba zan faɗi sunanta ba don kada a ce talla nake yi mata. Yau da safe da na buɗe manhaja sai na tarar Bitcoin ɗin ya zama dala 72, ƙaramar kwandalar kuwa ta kai dala 53, jimla dala 125, manhajar kuma tana nuna mini da koren rubutu cewa na ci ribar kashi 30 cikin ɗari. Masu sayen USDT a P2P suna tayawa a kan sefa 590 a yau.

Abin da ya sa hankalina bai kwanta ba shi ne na taɓa ganin irin wannan koren rubutun. Bara na sa jika 30 a wata kwandala, ta yi ta hawa har kuɗin ya kai kimanin jika 55, sai na ce bari in jira ya cika jika 60 cif in fita da ninki biyu. Bai cika ba. Ya sauko jika 40 na ce numfashi yake yi, ya sauko 30 na ce ai ban yi asara ba tukuna, daga ƙarshe a jika 18 na sayar, ranar da mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya aka rubuta mana magani. A ɗaya gefen kuma akwai maƙwabcina a wurin sana'a wanda ya sayar da tasa da ya ga ribar kashi 10, bayan wata guda ta ninka uku, har yau yana cizon yatsa, kuma shi ne yake ce mini kada in kuskura in taɓa komai.

Tambayata ita ce: shin akwai wata ƙa'ida da mai ƙaramin jari irina zai bi ya san lokacin cire riba? Ana sayarwa gaba ɗaya ne ko kashi-kashi? Idan kuma an sayar, a bar kuɗin a USDT ko a fito da shi a sefa? Ya kamata in ƙara da cewa ina fatan nan da wata biyu in samu jika 25 in cika in sayi injin hura iska mai zafi na cire ƙananan kayan cikin salula, domin yanzu duk aikin da ya buƙace shi sai na kai wa wani mu raba kuɗin. Allah Ya saka da alheri.

Tsohon Ɗan Canji ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Ni waɗannan manhajoji ban iya taɓa su ba sai ƴaƴana sun kama mini, amma na yi fiye da shekara 30 ina canjin naira da sefa tsakanin Damagaram da Matamaye da bakin iyakar Maimujiya, kuma da na karanta bayaninka sai na ga sana'ata ce aka sauya mata riga.

Kashi 30 ɗin da salularka take nuna maka ba naka ba ne tukuna, domin ba a cinikin biri a sama. Da sefa ka shiga, da sefa kake biyan kuɗin haya kake awon hatsi, saboda haka da sefa za a auna ribarka. Ɗauki dala 125 ɗin (dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba) ka buga a 590, za ka samu sefa 73,750. Ka fitar da abin da wakilin kuɗin salula zai yanka lokacin da za ka karɓi tsaba, ka ce jika 73 ya shigo aljihunka. Ribarka ke nan jika 13 a kan jika 60, wato kusan kashi 22. Ragowar ta tafi ne a tazarar da ke tsakanin farashin da ka saya da wanda za a saya a hannunka, wadda wani ɓangarenta la'adar masu P2P ce, wani ɓangaren kuma motsin dalar kanta. Da wannan tazarar muka ci muka sha muka aurar da ƴaƴa, don haka na san ta kamar yunwar cikina. Ka lura da wannan: ko da kwandalolinka sun tsaya cik ba hawa ba sauka, dala 96 ɗinka a farashin yau sefa 56,640 ne, ka ga ka riga ka rasa fiye da jika 3 ba tare da kasuwa ta yi maka komai ba. Sai kayanka sun hau kusan kashi 6 kafin uwar kuɗinka ta dawo daidai. Wanda duk yake fitowa sefa da zarar ya ga kashi 5, gobe ya sake komawa, to masu P2P yake yi wa bauta, ko da kullum yana ganin kore a fuskar waya.

Sai maganar barin kuɗi a USDT, wadda nake so ka buɗe kunne da kyau, domin yawancin masu ba ku shawara a zaurukan nan mutanen Kano ne da Kaduna, kuma shawararsu daidai take a wurinsu. A watan Yuni na 2023 gwamnatin Najeriya ta sakar wa naira mara, dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Mutumin da kuɗin ƙasarsa yake narkewa haka, dalar intanet mafaka ce gare shi, ko bai yi cinikin komai da ita ba. Mu ba haka muke ba. Sefa a ɗaure take da yuro tun 1999, a kan 655.957 kowane yuro ɗaya, saboda haka dala takan hau kanmu ta kuma sauko gwargwadon yadda take kokawa da yuro. A watan Satumba na 2022, lokacin da yuro ya faɗi ƙasa da dala, dala ta haura sefa 670. A Janairun 2025 tana wajen sefa 635, kafin watan Yuli na shekarar ta gangaro wajen 560. Bazindire da ya ajiye USDT a wannan tsakanin yana cewa ya huta da kasuwa, ya yi asarar fiye da kashi 10 a sefa alhali lambar da ke wayarsa ba ta motsa ba. Ba ina cewa sefa dutse ce ba, domin ina bisa tabarmata a Janairun 1994 aka karya darajarta da rabi cikin dare guda, faran na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Abin da nake nufi shi ne USDT ma haja ce a wurinmu, tana da ranar riba da ranar faɗuwa.

Ƙa'idar da maigidana ya koya mini tun ina yaron canji ita ce kada in karɓi kuɗin da ban san a nawa zan rabu da shi ba. Farashin sayarwa tun lokacin saye ake yanka shi. Kai bara ka yanka jika 60 ne bayan ka ga 55, kuma da ya kai 60 ɗin da ka ɗaga shi zuwa 70, ka tambayi zuciyarka za ta gaya maka gaskiya.

Malamin Lissafi ya amsa:

Baba ya share mana hanya, Allah Ya ƙara masa lafiya. Ni zan ɗora ne da lambobi, tun da su nake koyarwa, kuma na shekara biyar ina taɓa wannan ciniki da ɗan abin da ya ragu a albashi.

Ƙanena, hawa da sauka ba awonsu ɗaya ba ne, kuma rashin gane haka shi ne ya cinye kuɗinka bara. Abin da ya faɗi da rabi sai ya ninka biyu kafin ya koma inda yake. Abin da ya faɗi da kashi 80 sai ya ninka biyar. Naka da ya sauko daga jika 55 zuwa 18 ya zubar da kashi biyu bisa uku, wato sai ya ninka uku kafin ka sake ganin 55. Irin wannan faɗuwa kuwa ba baƙuwa ba ce a kasuwar nan, ko ga babban cikinsu. Bitcoin ya kusa dala 20,000 a Disambar 2017, ya dawo wajen 3,200 a Disambar 2018, bai sake taka inda ya baro ba sai Disambar 2020. Ya kai wajen dala 69,000 a Nuwambar 2021, ya gangaro ƙasa da 16,000 a Nuwambar 2022 lokacin da kasuwar kirifto ta FTX ta rushe da kuɗin jama'a, bai wuce tsohon matsayinsa ba sai a Maris na 2024. Wannan shi ne wanda yakan faɗi ya tashi. Ƙananan kuwa da yawansu idan sun kwanta sun kwanta ke nan: kwandalar Luna ta haura dala 100 a Afrilun 2022, a cikin mako guda na watan Mayu ta koma ba ta kai ko sisin dala ba.

Yanzu dubi kayanka. Ribarka dala 29 ce, amma dala 21 daga cikinta ƙaramar kwandala ce ta kawo, Bitcoin dala 8 kawai ya ba ka. Ranar da ka saya, ƙaramar kashi ɗaya bisa uku ce ta jarinka, yau ta zama kashi 42 cikin ɗari. Ma'ana, ba tare da ka danna komai ba, kuɗinka ya ƙara karkata zuwa ga wadda ta fi haɗari, kuma gwargwadon hawanta gwargwadon yadda makomarka take rataya a wuyanta. Don haka tambayarka biyu ce a haɗe, kuma amsar ƙaramar kwandala daban take da ta Bitcoin.

Da ni ne, yau ɗin nan zan sayar da ta dala 32 daga cikin 53, uwar kuɗi ta koma gida, in bar dala 21 a kasuwa. Daga nan ko ta mutu murus ban rasa abin da na zuba ba, ko ta ninka goma ina da rabona a ciki, kuma mutum yakan fi iya tunani da kyau idan abin da yake kallo yana hawa yana sauka ba guminsa ba ne. Ragowar dala 21 zan raba ta biyu, rabi in sa masa farashin sayarwa a sama, misali idan ya ƙara kashi 50, ɗaya rabin in bar shi ya yi tafiyarsa da shinge a ƙasa. Fiye da kashi biyu ko uku ba zai yiwu ga jari irin namu ba, domin kasuwannin ba sa karɓar umarnin da bai kai wasu ƴan daloli ba. Sayarwa kashi-kashi ba za ta taɓa ba ka mafi tsadar farashi a kan dukkan kayanka ba, wannan ka haƙura da shi tun yanzu. Amfaninta shi ne ba za ta bari ka sake zama wanda ya ga 55 ya sayar a 18 ba, ba kuma za ta mai da kai maƙwabcinka da ya fita gaba ɗaya ya koma ɗan kallo ba.

Ka kuma rarrabe ƙofofi biyu. Fita daga kwandala zuwa USDT ƙofa ce mai arha, domin la'adar musayar kwandala da USDT a kasuwar kirifto ta Binance kashi 0.1 ce cikin ɗari, wadda a kan dala 32 ba ta wuce sefa 20 ba. Fita daga USDT zuwa sefa ita ce mai tsada, kamar yadda Baba ya lissafa. Kuɗin da kake nufin sake juyawa nan kusa, ƙofar farko ta ishe shi. Kuɗin da ka gama da shi, ka fitar da shi ta biyun a lokaci ɗaya kada ka yi ta tsiyayo shi kaɗan-kaɗan. Ka dai tuna cewa zama a tsakanin ƙofofin ba zaman lafiya ne cikakke ba. Bayan motsin dala da Baba ya faɗa, ita kanta dalar intanet takan kuɓuce wa dala ta ainihi, kamar yadda USDC, wata dalar intanet irin USDT, ta sauko ƙasa da santi 90 a Maris na 2023 da wani bankin Amurka da ke riƙe da wani ɓangaren ajiyarta ya durƙushe. Waɗannan kuɗaɗe ba BCEAO, babban bankin da ke buga sefa, ce ta buga su ba, ba ta kuma lamunce su ba, idan sun salwanta babu tagar da za ka je ka tsaya.

Abu na ƙarshe shi ne kada ka dogara da idonka da yatsarka. Kasuwar nan ba ta rufewa dare da rana, har ranar Juma'a da ranar Sallah. Babban bankin Amurka yakan sanar da kuɗin ruwa da ƙarfe 2 na rana a Washinton, wato ƙarfe 7 ko 8 na dare a agogonmu, mutanen Asiya kuma suna tashi ciniki lokacin da muke tsakiyar barci. Ka haɗa wannan da ɗaukewar kuran da tsinkewar rezo, za ka ga cewa mai cewa "idan ta fara sauka zan sayar" yaudarar kansa yake yi. Manhajar tana da umarnin da za ka yanka farashi a sama ta sayar maka da kanta idan an kai, da wanda za ka kafa shinge a ƙasa ta fitar da kai idan an faɗo, da wanda ya haɗa biyun, wanda suke rubutawa OCO, inda cikar ɗaya take soke ɗayan. Sai dai shingen yana da sharaɗi. Kwandalar da takan yi lilon kashi 10 a yini, idan ka kafa mata shinge a kashi 5, za ta taɓa shi kafin la'asar ta fitar da kai ta ci gaba da hawa. Sannan idan masu saye sun yi ƙaranci, farashi yakan tsallake shingen, ko dai a sayar maka ƙasa da inda ka so, ko umarnin ya ƙi cika sam. Duk da haka ya fi babu nesa ba kusa ba. Ni nakan rubuta lamba uku a littafi kafin in sayi komai: inda zan fara sayarwa, inda zan karɓi asara, da ranar da zan fita ko an kai ko ba a kai ba. Cinikin rance kuwa, wanda ake ninka maka jari sau 10 ko 20, ka nisance shi, domin a ninki 10 saukar kashi 10 kaɗai ta isa ta share kuɗinka kaf.

Ɗalibi Mai Riƙo ya amsa:

Malam, da girmamawa, lambobin da ka kawo suna da fuska biyu, kuma ɗaya ka nuna mana. Mutumin da ya fi kowa rashin sa'a, wanda ya sayi Bitcoin a ƙololuwar 2017 a kusan dala 20,000, da ya rufe ido bai sayar ba, kuɗinsa ya ninka biyar a Disambar 2024 lokacin da farashin ya haura dala 100,000. Wanda ya sayar da ya ga kashi 12 ko 20 fa, me ya tsira da shi? Bitcoin ba zai taɓa wuce guda miliyan 21 ba, kuma kusan duk shekara huɗu ana rage sabon da ake fitarwa da rabi, na baya-bayan nan a Afrilun 2024 ya sauko daga 6.25 zuwa 3.125 a kowane tubali, wato kowane sabon shafi na rajistar cinikinsa. Mu a nan Jami'ar André Salifou muna da ƴan uwa da suka fi shekara suna shiga suna fita, idan aka zauna aka yi lissafi na gaskiya, wanda ya saya ya manta ya fi yawancinsu.

Yayana mai tambaya, ribar Bitcoin ɗinka dala 8 ce, wato wajen sefa 4,700, kuɗin kabu-kabu na ƴan kwanaki. Ban ga dalilin taɓa shi saboda wannan ba. A kan ƙaramar kwandala na yarda da Malam ɗari bisa ɗari, har ma ina ganin ka ɗauki abin da ka cire daga cikinta ka ƙara a Bitcoin maimakon ka bar shi zaune a USDT. Idan kuma riƙon dogon lokaci za ka yi, wata rana ka mayar da shi lalitarka ta kanka, wato ma'ajiyar kirifto da makullinta yake hannunka ba hannun kasuwa ba, ka rubuta kalmomin sirrin buɗe ta a takarda ka adana, kada ka ɗauke su hoto, balle kai da salulolin mutane suke wucewa ta hannunka ka san abin da ake gani a cikinsu.

Hajiya Mai Kiwon Raguna ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Na karanta duk amsoshin, sai na ga maza uku sun yi ta lissafin dala, babu wanda ya tsaya a kan layin ƙarshe na tambayar yaron nan. Ya ce yana buƙatar jika 25 nan da wata biyu ya sayi kayan aiki.

Ɗana ɗalibi, maganarka gaskiya ce, amma wanda ya saya a 2017 shekara bakwai ya jira kafin ya ga ninki biyar ɗin, a ciki kuma akwai shekarun da kuɗinsa bai kai rabin abin da ya zuba ba. Wannan haƙuri na mai kuɗin da ba shi da ranar biya ne. Kuɗin da aka sa wa rana daban yake, kuma wata biyu a kasuwar da Malam ya kwatanta mana ba komai ba ne face caca da kayan sana'a.

Ni duk shekara nakan sayi raguna huɗu ko biyar a kasuwar Mirya in ɗaure su har layya. Akwai shekarar da aka taya mini wani babban rago kuɗi mai kyau saura kwana huɗu Sallah, na ƙi, domin dillali ya ce mini baƙi suna tafe daga Kano. Baƙin ba su zo ba, motocin dabbobi ne suka shigo daga wajen Tanut, kasuwa ta cika, daren Sallah na sayar da shi ƙasa da tayin farko, ga harawa da dusar kwana huɗu da ya ƙara ci. Tun daga ranar nake yin abu ɗaya: ragon farko da aka taya da ribar da na ƙudurta, nakan sallama shi in mayar da kuɗin harawa da na magani, na biyu in mayar da uwar kuɗi, sauran ne nake ja wa rai da ƴan kasuwa. Ban taɓa sayar da dukkansu a ranar da ta fi tsada ba, ban kuma sake kwana da kuka ba.

Kai mai tambaya, injin nan idan ka saye shi, kowane aiki da kake rabawa da wani zai zama naka kai kaɗai, kuma wannan riba ce da kake iya ƙirgawa kowane maraice. A farashin 590, jika 25 dala 42 ne da ɗoriya, ka ce 43 saboda kuɗin cirewa. Ka fitar da su yau a sefa, ka kai wa mai injin kafin alƙalami ko ka damƙa wa mahaifiyarka ta ajiye maka, domin muddin suna cikin wayar nan hannunka zai yi ta ƙaiƙayi. Abin da ya rage sai ka bi shawarar Malam ko ta ɗalibi, duk wadda ta kwanta maka.

Ɗan Garin Malam ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Shekaranjiya bayan sallar isha'i na sayar da ƙaramar kwandala ta dala 43, na mayar USDT, na sayar a P2P a kan 590 ɗin, kuma ban saki kayana ba sai da na buɗe asusun kuɗin salulata na ga kuɗin da idona, ban tsaya ga saƙon da mai sayen ya turo ba. Jika 25 suna hannun mahaifiyata kamar yadda Hajiya ta ce. Abin da ya rage mini a daren shi ne dala 72 a Bitcoin, ban taɓa shi ba, da dala 10 a ƙaramar.

Ba zan ɓoye muku ba, jiya kwandalar ta ƙara hawa kashi 15, maƙwabcina ya zo har teburina yana yi mini dariya, ni ma raina ya ɗan sosu. Da na zauna na buga lissafin yadda Baba ya koya mini, sai na ga abin da ya wuce ni bai kai jika 4 ba, kuma aikin gyara biyu ko uku da injin zai mayar mini da shi.

Malamin Lissafi ya sake amsawa:

Madalla, ƙanena. Lissafinka daidai ne, dala 6 da rabi ne suka wuce ka, wajen sefa 3,800. Ragowar ƙaramar kwandalar ta yi kaɗan a raba ta, saboda haka ka sa mata umarni ɗaya mai baki biyu, sama da ƙasa, ka daina leƙa ta kowace sa'a. Bitcoin ɗin ne ban ji ka ce komai a kansa ba. Idan riƙon ɗalibi ka zaɓa, ka rubuta shekara nawa, ka kuma tabbata babu wata buƙata ta gida da za ta tilasta maka sayarwa kafin lokacin. Idan kuwa ciniki ne, to har yanzu ba ka yanka masa farashi ba, sama ko ƙasa. Ka ɗauko littafinka ka rubuta, ka dawo ka faɗa mana lambar.